Tashar Widnes da Faifan Babana

Da aka gama bikin yaye ɗalibai a Manchester, aka ci aka sha, aka ɗauki hotuna har baki ya gaji da murmushi, sai Ummi ta zaunar da ni a ɗakinta ta ce, "Abba, saura kwana huɗu ka koma gida. Ina kake so in kai ka, Landan ko filin ƙwallo?" Na ce mata Widnes. Ta sa na maimaita, ta ɗauko wayarta ta yi ta latse-latse, can ta ɗago ta ce, "Abba, garin nan fa babu abin kallo a cikinsa." Na ce akwai tashar jirgin ƙasa, ita nake son gani.

Ummi sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa ba na iya kiran sunanta na yanka, kuma shi ya sa ba ta cika yi mini gardama ba idan ta ga na kafe. Ta saya mana tikiti a daren.

Sai na koma baya kaɗan kafin a gane abin da ya kai dattijo ɗan Zariya wannan gari. A ɗakin mahaifina, a kwatas ɗin ma'aikatan reluwe, akwai wata garmaho mai murfin katako da ba wanda yake taɓa ta sai shi. Faya-fayan da ke gefenta ba su fi goma sha biyu ba. Akwai na Jim Reeves, wanda a lokacin da wuya ka shiga gidan ma'aikaci ka rasa shi, akwai na wasu mawaƙan Legas da na Gana, sai kuma guda ɗaya da yake ajiyewa daban cikin tsohuwar rigar matashi. Baƙin faifai ne babba, irin mai juyi 33 a minti ɗaya, da tambarin CBS a cibiyarsa. A jikin kwalinsa samari biyu ne suna tafe a kan wata hanyar ƙasa, sun waiwayo kamar wani ya kira su daga baya. Sunan faifan Sounds of Silence, na Paul Simon da Art Garfunkel, wanda ya fito a 1966.

Baba makanikin injin jirgi ne. A ƙarshen 1965 aka tura shi kwas garin Derby na Ingila, domin lokacin ana ta sauya injinan gawayi da na dizal, ana neman waɗanda za su iya gyaransu. Ya bar Inna da goyon yayata, ya tafi ƙasar da bai san kowa ba a tsakiyar hunturu. Azumin shekarar a can ya same shi. Ya taɓa ba ni labarin yadda yake shan ruwa tun kafin ƙarfe huɗu da rabi na yamma, shi kaɗai a ɗakin haya, da shayi da burodi, ga wata 'yar na'urar ɗumama ɗaki da sai ka jefa mata kwabo take kamawa. Cikin wannan azumin, ranar Asabar 15 ga Janairun 1966, aka kashe Sardauna a Kaduna, aka ɗauke Abubakar Tafawa Ɓalewa a Legas. A rediyon matar da ta ba shi haya ya ji. Wasiƙa kuwa sai ta yi makonni kafin ta zo daga Zariya. Kwana biyu bayan wannan rana faifan nan ya fito a Amurka, ba tare da masu shi sun san akwai wani bawan Allah a Derby da zai riƙe shi har ƙarshen rayuwarsa ba.

A cikin wannan rediyon dai ya fara jin waƙar Homeward Bound, wadda ta shiga sahun waƙoƙi goma da aka fi saye a Ingila a farkon shekarar. Ma'anar sunan shi ne wanda ya kama hanyar gida. Mutum ne zaune a tashar jirgi da tikitinsa da akwatinsa da jitarsa, yana yawon waƙa gari-gari, garuruwan duk sun zame masa iri ɗaya, ba abin da yake so sai a ce jirgin nan gida zai kai shi. Baba ya tara daga ɗan kuɗin guzurinsa ya sayi faifan. Da a Amurka ya saye shi da bai sami waƙar a ciki ba, domin a can sai a faifansu na gaba aka sa ta. Bugun Ingila ne kawai ya zo da ita, a farkon fuska ta biyu. Shi ya sa a gidanmu kullum daga bayan faifan ake farawa.

Ni an haife ni a 1968, saboda haka na tashi na tarar da waƙar kamar yadda na tarar da bishiyar darbejiyar ƙofar gida. Ranar Lahadi da hantsi, bayan ya goge takalmansa na aiki, Baba zai wanke hannu, ya zaro faifan da gefen tafukansa ba tare da yatsa ya taɓa fuskarsa ba, ya hure shi, ya ɗora allura. Da farko sai ka ji ɗan ƙaras-ƙaras kamar ana soya gyaɗa a nesa, sannan jita ta shigo. Ban san ko kalma ɗaya ta Turanci ba a lokacin, amma na san muryoyi biyu ne suke tafiya tare, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama siririya, ba mai bayarwa ba mai amshi kamar yadda muka saba ji wurin Shata da 'yan amshinsa. Tare suke furta kowace kalma, tare suke jan numfashi. Wannan abin ya daɗe yana ba ni mamaki. Baba kuwa, wanda yake son Ɗan Maraya Jos ƙwarai, yakan ce shi ma wannan yaron maraya ne da kuntiginsa, sai dai nasa kuntigin tsirkiya shida gare shi.

Da safe ni da Ummi muka shiga jirgi a tashar Oxford Road ta Manchester. Layin yana bi ta Warrington ya nufi Liverpool, tafiyar kuma ba ta kai awa ɗaya ba. Na zauna jikin taga. Bayan gidajen jan bulo, filayen ajiye kaya, gonaki kore shar, shanu masu dabbare-dabbare, sai ruwan sama da yake zuwa yana ɗaukewa kamar mai shawara. Ɗan ma'aikacin reluwe ba ya shiga jirgi ya rasa abin saurare. Na kasa kunne ina neman ƙwanƙwasar da ƙafar jirgi take yi a mahaɗar dogo, irin wadda ta raine mu tsakanin Zariya da Kaduna, amma nan sun narka dogon sun haɗe shi, sai dai wani sumul kawai kake ji.

Muka sauka. Mu biyar ne muka fito daga jirgin, kafin in gyara hulata sauran ukun sun ɓace.

Tashar ƙarama ce: dogo biyu, dakalin jira biyu, gadar ƙafa da ta haɗa su, sai tsohon ginin da aka buɗe tun 1873. Sunanta na farko ma Farnworth, sunan unguwar da take ciki, daga baya aka kira ta Widnes ta Arewa, sannan aka bar mata Widnes kawai bayan an rufe sauran tashoshin garin. Allon da na zo dominsa yana nan a ɓangaren masu tafiya Liverpool, ɗan ƙarami, yana shaida cewa a wannan tasha Paul Simon ya rubuta waƙar a 1965. An sha sace shi ana sake wani. Na tsaya gabansa na karanta, na sake karantawa, Ummi ta ɗauke ni hoto. Sai na ji ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Shekara fiye da hamsin ina ɗauke da wurin nan a kaina, ga shi duka-duka bai kai tashar Funtuwa girma ba.

Wani dattijo da yake jiran jirgi da karensa ya ga yadda na daɗe a tsaye, ya matso ya tambaye mu daga ina. Da Ummi ta ce Nijeriya sai ya yi dariya ya ce ya ga 'yan Japan, ya ga 'yan Amurka, yau ga 'yan Afirka. Ya ce in kada in ɗauki allon nan kamar rantsuwa, domin mutanen garin kansu ba su daddale ba. Akwai masu cewa a wata tashar ce da ke kusa, wadda aka riga aka rufe. Mutumin da ya sauke Simon a gidansa ma ya sha faɗa cewa da ƙyar suka riski jirgin a ranar, balle a sami lokacin zama a yi rubutu. Na riga na san wannan gardamar, kuma ba ta taɓa damuna ba. Waƙa ba rijiya ba ce da za a nuna maka daidai inda aka fara sara. Abin da ba a musu a kai shi ne saurayin ya zo garin nan a 1965, yana ɗan shekara 23, yana bin ƙananan ɗakunan waƙa na arewacin Ingila ana biyansa 'yan fam kaɗan a dare, zuciyarsa kuma tana can kudu wurin wata yarinya da ya bari.

Abin da ya fi kama ni a tarihin faifan shi ne a lokacin nan mutumin ya ɗauka ya faɗi. Shi da Garfunkel tare suka tashi a unguwar Queens ta birnin New York, sa'o'in juna ne, duk haifaffun 1941, tun suna 'yan makaranta suke waƙa tare. Faifansu na farko da suka fitar da sunayensu a watan Oktoban 1964 bai yi kasuwa ba. Garfunkel ya koma jami'a, Simon ya ɗauki jita ya tsallako Ingila. Yana nan yana gararamba sai wani mai haɗa sauti a kamfanin da ya fitar musu da faifan, Tom Wilson, ya ɗauko ɗaya daga cikin waƙoƙin tsohon faifan, The Sound of Silence, ya ɗora mata ganga da jitar lantarki ba tare da ya shawarce su ba. Ranar 1 ga Janairun 1966 ta zama ta ɗaya a Amurka. Tun a watan Disamban 1965, da waƙar ta fara tashe, aka kira Simon ya koma da gaggawa, suka shiga ɗakin ɗaukar sauti suka harhaɗa faifan cikin ɗan lokaci, yawancinsa da waƙoƙin da ya riga ya rubuta, wasunsu ma ya rera su shi kaɗai a wani faifai da ya yi a Landan. Shi ya sa idan ka saurara da kyau za ka ji faifan kamar riga mai launi biyu. Wasu waƙoƙin an cika musu kayan kiɗa don a bi yayin da ake ciki, kuma in faɗi gaskiya akwai guda ɗaya ko biyu da ko Baba yakan ɗaga allura ya tsallake. Amma waɗanda aka bari da jita da murya kawai, kamar wadda Garfunkel ya rera a kan watannin shekara, da wadda Simon ya yi wa budurwar tasa, su ne ba su tsufa ba. Har da wani kiɗa zalla ba murya, Anji, na wani gwanin jita ɗan Birtaniya mai suna Davey Graham. Ƙanena yakan tashi ya yi ta juyi idan an zo wurin.

Tashar tana can arewacin gari, don haka muka ɗauki tasi zuwa bakin kogin Mersey, wurin da suke kira Spike Island. Yanzu fili ne mai ciyawa da itatuwa, ga agwagin ruwa, ga tsofaffi suna zagayawa. Amma a nan ne wani John Hutchinson ya kafa masana'antar sinadarai ta farko a garin a 1847, ana dafa gishiri da wasu haɗe-haɗe ana fitar da sodar yin sabulu da gilashi. Wasu suka biyo bayansa, har garin ya yi suna wajen hayaƙi da wari da tulin dattin masana'anta da ya kashe tsirrai. Akwai gidan tarihin wannan sana'a a wani tsohon ginin kamfanin sabulu na Gossage, muka hau har samansa inda aka kewaye da gilashi. Daga can ana ganin komai: tsohuwar gadar jirgin ƙasa ta 1868, kusa da ita babbar gadar ƙarfe mai baka wadda aka buɗe a 1961, can gabas kuma sabuwar da aka buɗe a 2017, sai garin Runcorn a tsallake. Ruwa ya janye, kogin ya zama laka mai sheƙi.

A nan saman na fahimci wani abu da ban taɓa lura da shi ba. Ni a raina waƙar a wani wuri mai kyau aka yi ta, irin Ingilar da ke jikin kalanda. Ashe a garin leburori aka yi ta, garin masu shiga aikin dare su fito da tari. Irin garin da Baba ya zauna ke nan, Derby, inda ake ƙera injina. Wato lokacin da yake jin wannan waƙar a ɗakin hayarsa, abin da ke bayan tagarsa ne ake rera masa.

Muka sami kifi da soyayyen dankali muka ci a kan benci, na haɗa azahar da la'asar a kan ciyawa, Ummi tana riƙe mini da lema. A nan na ba ta sauran labarin, wanda ban taɓa ba ta ba.

Baba ya dawo a ƙarshen 1966. Daga Liverpool ya shiga jirgin ruwan Aureol na kamfanin Elder Dempster, kusan mako biyu a teku kafin Apapa, sannan jirgin ƙasa zuwa Zariya, faifan yana tsakiyar akwati cikin riguna don kada ya fashe. Ya iso ya tarar da Inna da yayata lafiya. Amma kwatas ɗin ba yadda ya bar shi ba. Kashe-kashen da aka yi a garuruwan Arewa a watannin da ba ya nan sun kori 'yan ƙabilar Ibo, waɗanda su ne da yawa daga cikin ma'aikatan reluwe. Maƙwabcinmu na jikin katanga, wanda suka koyi aiki tare, wanda matarsa ta kwana a asibiti da Inna ranar haihuwar yayata, gidansa a buɗe, ba kowa. Ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Baba ya yi shekara guda yana marmarin gida, ya zo ya tarar an ɓalle wani ɓangare na gidan. Bai taɓa zama ya yi mana bayanin wannan ba, Inna ce ta gaya mini bayan rasuwarsa. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa mutumin da yake zaune a ɗakinsa, cikin iyalinsa, a garin da aka binne cibiyarsa, yake sa waƙar mai son komawa gida kowace Lahadi, ya jingina kai da bango ya rufe ido, ba mai yi masa magana sai ta ƙare.

Ummi ba ta ce komai ba. Ta naɗe takardar kifin ta kai kwandon shara, ta daɗe a can kafin ta dawo.

Faifan yana wurina yanzu. Da aka zo rabon gado ba wanda ya neme shi, har wani daga cikin dangi ya ce kayan kiɗa ba abin ajiyewa ba ne a gidan mamaci. Ban yi musu da shi ba, na dai sa shi cikin jakata. Na san abin da malamai suka faɗa a kan kiɗa, na san saɓanin da ke ciki, kuma ban taɓa ganin faifan nan ya hana Baba jam'in asuba ba. Garmahon ta daɗe da mutuwa. Na sayi waƙoƙin a kaset a Sabon Gari lokacin ina jami'a, na saye su a faifan CD, yanzu ga su a waya. Duk da haka sau ɗaya ko biyu a shekara nakan zaro shi daga rigar matashin, in riƙe shi da gefen tafukana, in karkata shi wajen haske. Akwai wani ƙarce a farkon fuska ta biyu. Ni na yi shi ina ɗan shekara shida, ranar da na saci jiki na ɗora allurar da kaina. Baba bai doke ni ba. Ya duba faifan, ya dube ni, ya ce, "To, yanzu kai ma kana ciki." Tun daga ranar, duk lokacin da aka zo tsakiyar baiti na biyu sai allurar ta yi tsalle ta haɗiye kalmomi uku ko huɗu, mu kuma muka saba da waƙar a haka.

Wajen ƙarfe biyar muka koma tashar. Yanzu ta ɗan cika, 'yan makaranta da masu tashi daga aiki, kowa idonsa a kan waya. Muka zauna a benci kusa da allon. Ummi ta zaro abin sauraronta na kunne ta ba ni ɗaya ta sa ɗaya, ta nemo waƙar. Ba ta kai minti uku ba gaba ɗayanta. Sautin tas, ba ƙaras-ƙaras, muryoyin nan biyu na samarin da yanzu sun haura tamanin suna tafiya tare kamar jiya aka ɗauke su. Da aka doso tsakiyar baiti na biyu sai na ji kafaɗata ta ɗaga da kanta tana jiran tsallen. Bai zo ba, waƙar ta wuce sumul, ni kuwa idona ya cika.

"Abba, in sake sawa?"

Na gyaɗa kai. Tana cikin sake sawa aka yi sanarwar jirgin Manchester a ɗaya ɓangaren, wanda tikitinmu yake kai, sai mun hau gada mun tsallaka. Na tambaye ta daga nan zuwa Liverpool minti nawa ne. Ta duba ta ce kamar rabin awa. Na ce ina so in ga bakin ruwan da kakanta ya shiga jirgi. Ta kalli agogo, ta kalli sama da ke haɗa hadari, ta ƙara naɗe mini mayafin wuyana, sannan ta tashi ta nufi wurin sayar da tikiti.